Cat6A a ƙaramin ofis: damfara ce ko hangen nesa?

Mai Rak: Abin nan ya ishe ni. Ofis mai tebur 20, kwamfutoci da firinta kawai, sai a rubuta masa Cat6A, wato babban ajin wayar haɗa kwamfutoci, a takardar aiki. Don me? Cat5e, ajin da ke ƙasa da ita, tana ɗaukar saurin gigabit 1 har mita 100, kuma tun 2016 da ƙa'idar 802.3bz ta fito tana iya ɗaukar gigabit 2.5. Yawancin kwamfutocin ofis ma gigabit 1 ne iyakarsu. Wannan damfara ce, a kira ta da sunanta.

Injiniya: Malam, janye kalmar damfara. Damfara ita ce ka karɓi kuɗin wani abu ka kawo wani daban. Wanda ya ce Cat6A kuma ya kawo Cat6A bai cuci kowa ba. Suwic, akwatin da wayoyin kwamfutoci suke haɗuwa a cikinsa, shi ake canzawa, wayar da ta shiga bango da silin kuwa shekara da shekaru take yi. Cat6A tana kai gigabit 10 har mita 100, Cat6 kuma, wadda ke tsakanin su biyu, wajen mita 55 take tsayawa.

Mai Rak: To ka sayar wa mutum abin da ba ya buƙata, shi kuma bai sani ba, me sunan wannan?

Injiniya: Sunansa shawara, in ka yi masa bayani. Mu masu aikin nan ba ɓarayi ba ne.

Mai Gwaji: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Damfarar gaskiya CCA ce, alminiyam da aka shafe da jan ƙarfe aka buga wa Cat6 a jiki. Ka feɗe igiya ɗaya, ka kankare ta da wuƙa, jan ya gushe sai fari ya bayyana. Kwalin mita 305 ma in ka ɗaga za ka ji bai kai nauyin na jan ƙarfe zalla ba. Alminiyam ya fi jan ƙarfe tauye wuta, shi ya sa kyamarar PoE, wato mai samun wuta ta cikin wayar nan, in tana nesa take ɗaukewa tana dawowa, musamman da dare in fitilunta sun kunnu. Ga ƙa'idar PoE ta 802.3bt tana tura har wat 90, sai wayar ta ɗau zafi a cikin dami. Kuma tana karyewa a bakin jak, wato soket ɗin da ake haɗa ta da shi, in an danna ta.

Dillali: Oga, a yi adalci. In an rubuta CCA a kwali ai ba a ɓoye komai ba. Ina damfara a nan?

Mai Gwaji: Ƙa'idar TIA-568 ta girka irin waɗannan wayoyi a gini, jan ƙarfe zalla ta yarda da shi. Rubuta Cat6 kusa da CCA ƙarya ce tun daga kwali.

Dillali: Kullum masu sayarwa ne da laifi. Wa yake zuwa ya ce a ba shi mai rahusa?

Hajiya: 'Yan'uwa, ko Cat6A ta gaske aka saya, hannu yana iya kashe ta. Daga allon haɗi a rak, wato kabad ɗin na'urori, zuwa jak ɗin bango kada a wuce mita 90, sauran mita 10 na gajerun wayoyin haɗi ne a ɓangarorin biyu. Murɗin igiyoyin kada a warware shi fiye da milimita 13 a bakin jak. Lanƙwasa kada ta matse ƙasa da kaurin wayar sau 4. Kada a ja ta da ƙarfi fiye da niyutan 110, kada a shaƙe dami da ɗaurin roba. Sannan gigabit da igiya takwas duka yake aiki. Ɗaya ta katse daga igiyoyi masu launin shuɗi ko ruwan ƙasa, layin ya sauka zuwa megabit 100, a yi ta zargin suwic. Ƙaramar testa mai fitilu takwas ba ta isa shaida ba.

Dillali: Ba ta isa ba kamar yaya, Hajiya? Fitilu takwas sun kama a jere, me ya rage?

Hajiya: Ka raba tagwai, wato igiya biyu da aka murɗe tare, ka maimaita kuskuren a ɗaya bakin, fitilun duka za su kama, amma igiyoyin suna ta yi wa juna kutse. Sai na'urar tantancewa irin ta kamfanin Fluke take nuna shi, ta fitar da rahoton kowane layi.

Mai Rak: Raba tagwai daga masu jera launin igiyoyi a tsarin T568A yake fitowa. Kowa ya tsaya a ɗaya tsarin, T568B.

Mai Gwaji: Ba haka ba ne, Malam. Bambancin A da B musayar kore da ruwan lemo ne kawai. Ko wanne ka zaɓa daidai ne, muddin bakin biyu iri ɗaya ne a duk ginin.

Mai Rak: B aka fi sani.

Mai Gwaji: Sani daban, daidai daban.

Injiniya: Bari in tattara. An yarda damfara tana wajen masu CCA, ba wajen masu girka waya ba. An yarda aiki mai kyau yana buƙatar ƙwararre da rahoton gwaji. Saboda haka Cat6A ce ta dace da sabon gini, kuma Malam Mai Rak ya janye kalmarsa.

Mai Rak: Ban janye ba, Injiniya. Kuma har yanzu babu wanda ya faɗa mini abin da firinta za ta yi da gigabit 10.