Kamfanin tafiye-tafiye ya ɓata mana hutun amarci, in karɓi abin da suka ba ni ko in kai ƙara?

Angon_Bana
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. An ɗaura mana aure bayan ƙaramar sallah, tun kafin biki na biya wani kamfani a nan Kano miliyan 5.2 na tafiyar Zanzibar mu biyu, tikiti da biza da otal na bakin teku a Nungwi kwana shida har da abinci da motar ɗauko mu daga filin jirgi. Tun a biza aka fara, suka ce sati ɗaya ta fito, ashe mu masu fasfon Najeriya ba a ba mu bizar Tanzaniya a filin jirgi sai an tura an tantance, aka ɗaga tafiyar na cika dubu 380 na canjin tikiti. Muka sauka babu mai jiranmu, muka ɗauki tasi fiye da awa ɗaya zuwa Nungwi, a otal aka ce e sunanmu ya shigo amma an soke tunda ba a biya ba. Wlh madam zama ta yi a kan akwati tana kuka, lallen hannunta ko dishewa bai yi ba. Kwana biyu na biya daga aljihuna kafin su mayar da mu wani ɗan masauki a Stone Town da tagarsa bango take kallo. Ga inshorar dala 44 kowane mutum da ba su taɓa faɗa mana ba.

Lissafina asarar ta kai miliyan 1.9. Yanzu sun ce ko in karɓi dubu 450 in sa hannu magana ta mutu, ko su rage min dubu 900 in zan je Umara ta hannunsu. Matsalar biyu ce, kuɗin asusun manajan na tura ba na kamfani ba (amma ina da rasit mai tambarinsu da duk hirar WhatsApp), sannan mai kamfanin abokin kawun matata ne. In karɓa ko in je kotu?

Maman Ilham
Allah ya sanya alheri ango, ya ba da zaman lafiya. Amma miliyan 5.2?? Ƙanwata ta je bara ita da mijinta 3.6 suka biya komai da komai, tun daga nan aka yanke ka.

Sarkin_Yawo
Hajiya 3.6 a wane wata kuma wane otal? Ni a Disamba tikiti kaɗai mutum biyu ya kusa cinye wannan. Shi ma ango ai lokacin damina ya je, Afrilu da Mayu ruwa ake tafkawa a can, otal-otal karya farashi suke, ya kamata ma ya fi haka sauƙi.

Dan Fagge
Da Yankari ka kai ta da yanzu kana da canjin sayen firij. Ruwan Wikki da ɗuminsa, birai su sace muku biredi ku yi dariya ku dawo, babu biza babu kuka 😂

Baban Khalifa
Ɗan'uwa karɓi kuɗinka yau ɗin nan kada ka kwana. Ni na san abin da nake faɗa. A 2022 na biya miliyan 2.4 na Dubai ni da amaryata, saura kwana tara mu tashi aka dakatar da ba 'yan Najeriya biza a watan Oktoba. To wannan ba laifin ejan ba ne na yarda, amma kuɗina fa? Ya ce suna wajen kamfanin jirgi, na ce na otal fa, ya ce suna wajen abokin hulɗarsa na unguwar Deira a Dubai, na ce na biza da ba a yi ba fa, ya ce in yi haƙuri. A lokacin ya ce in karɓi miliyan ɗaya mu rabu na ƙi, na ce sisina ba zai yi ciwon kai ba. Na yi sintiri a ofishin nan har mai gadi ya san ƙarar mashin ɗina, wata rana na je na tarar an mayar da wajen shagon sayar da labule. Na kai wa 'yan sanda, aka kamo shi, aka rubuta yarjejeniya zai riƙa biyan dubu ɗari biyu duk wata, ya biya sau biyu ya ɓace, kuma kowane zuwa sai na sa mai a mota. Sai a 2024 ƙaninsa ya haɗa min ragowar a guntu-guntu. Lokacin da na biya dala ba ta kai dubu ɗaya ba, lokacin da suka gama biyana ta haura 1,500, ka ga an biya ni ne ko an yi min ba'a? Khalifan da nake amsa sunansa har ya fara tafiya, uwarsa ko Abuja ban kai ta ba, kuma har yau in an yi faɗa sai ta ce ina Dubai ɗin.

Ummu_Sultan
Innalillahi, Baban Khalifa wannan labari naka ya fi na ango ciwo. Ba ta Zoo Road ofishin yake ba?

Baban Khalifa
A'a ba nan ba ne, kuma ba zan kama suna ba tunda an gama. Amma na bar shi da Allah a kan faɗuwar naira.

Barista_M
Da girmamawa Baban Khalifa, naka daban nasa daban. Kai hukuma ce ta rufe biza, shi kuwa an karɓi kuɗin otal ba a biya otal ba, saɓa yarjejeniya ce ƙarara. Kuma kuskurenka zuwa wajen 'yan sanda, ba aikinsu ba ne karɓar bashi. Ango kada ka sa hannu a komai tukuna. Ka nemi otal ɗin Nungwi su turo maka imel cewa an soke ɗakin saboda rashin biya, wannan takardar ta fi duk hirar WhatsApp ɗinka nauyi. Ka haɗa rasit ɗin kwana biyun da na tasi da na canjin tikiti, ka rubuta musu wasiƙar neman biya ka ba su kwana 14. In sun yi shiru akwai kotun ƙananan ƙararraki ta bashi da aka buɗe a Kano a 2019, ba dole sai da lauya ba, kuma kuɗinka bai wuce iyakarta ba. Kana iya kai koke FCCPC ma, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, in kuma suna cikin NANTA, ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye, ka sanar da ita. Abu ɗaya, kuɗin da ka kashe a zahiri shi ne mai sauƙin samu, kukan amarya wuyar sa masa farashi gare shi. Tura kuɗi asusun manaja bai kashe maganar ba tunda sun ba ka rasit.

Sarkin_Yawo
NCAA zai je, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ba FCCPC ba, harkar jirgi ce.

Barista_M
Jirgi ya kai shi ya dawo da shi lafiya, me NCAA za ta yi da ɗakin otal?

Baban Khalifa
Barista ku a takarda komai mai sauƙi ne. Ka ci shari'a, to wa zai fito maka da kuɗin daga aljihunsa? Ni da aka yi wa nake magana ba karantawa na yi ba.

Hajiya Babba
Ku duk kun bar inda gizo ke saƙar. Yaro, ka ce abokin kawun matarka ne. Aure ko wata uku bai yi ba ka maka abokin surukinka a kotu? Ka samu kawun ka gaishe shi ka nuna masa rasit ɗin, ka ce Baba ga abin da ya faru ban so in yi komai ba da saninka ba. Kunyar kawun za ta fito da abin da alƙali ba zai fitar ba. In ya kasa, ka fita haƙƙinsa.

Angon_Bana
Hajiya na gode. Kawun ne ma ya haɗa ni da su, kuma dubu 450 ɗin da bakinsa aka kai nan, da farko 200 suka ce. Ya ce in yi haƙuri a bar maganar. Madam kuma ta ce in na karɓa ba ta yafe ba.

Dan Fagge
Kawu ya ci kamasho kenan 😂 a duba shi ko ya ɗinka sabuwar shadda

Maman Ilham
Ni dai ko me za ka yi kada ka karɓi rangwamen Umarar nan. Wanda ya kasa biyan otal a Zanzibar shi za ka ba amanar Makka? Azumin da ya wuce aka ce wa mahaifiyata masaukinsu minti biyar ne zuwa Harami, ashe minti biyar ɗin a mota ne in babu cunkoso, tsohuwa mai ciwon gwiwa, goman ƙarshe rabi a ɗaki ta yi ta.

Ummu_Sultan
Wlh mu ma haka, an ce mutum huɗu a ɗaki muka tarar mu bakwai, banɗaki ɗaya. Miliyan 4 da rabi fa kowa.

Sarkin_Yawo
Goman ƙarshe a 4.5 kina neman kusa da Harami? Ai ko 7 ba ta ba ki wannan. Ku riƙa tambaya ko kamfanin na da lasisin hukumar alhazai NAHCON kafin ku biya, sannan a rubuta sunan otal a takarda ku duba shi a taswira.

Ummu_Sultan
Suna da lasisin malam, a bango ma yake rataye cikin firam. Sunan otal kuma an rubuta, da muka isa aka ce ya cika.

Baban Khalifa
Nawa ma lasisi har biyu ne a bangonsa, mai labulen ya ce da ya karɓi shagon a nan ya same su.

Angon_Bana
Barista don Allah wasiƙar kwana 14 ɗin da Hausa zan rubuta ko sai da Turanci?

Maman Ilham
Ummu_Sultan a Misfala aka sauke ku ko Kudai? Ina jin kamfani ɗaya ne da na mamanmu, duba inbox.