Na je gadin masara saboda gadu sai ga dorina da ɗanta, ya zan yi?

Manomin_Lagdo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san daji. Gonarmu tana gangaren ruwan Lagdo a arewacin Kamaru, masara ce, kuma bana gadu ya dame mu, da rana kuma birai, sai babanmu ya ce in riƙa kwana can da bindigar tokarsa. Daren Talata wajen ƙarfe biyu ina kan rumfar gadi na ji ana tsinkar kara ana huci, na ce to yau mugun dawa ya shigo hannu, na sauko a hankali na ɗana, har na sa a kafaɗa sai zuciyata ta ce haska tukuna. Ina haska tocila wallahi sai ga dorina, bayanta yana sheƙi da laka, ɗanta manne da cinyarta, ta buɗe bakin nan na ga haƙora. Na kashe tocila na koma rumfa jiki na rawa har asuba. Ta cinye kusan kwatan gonar, abin da ba ta ci ba ta tattake. Yanzu in ta dawo in harba sama ko ya? Abincin gidanmu ke nan na shekara.

Baba Maharbi, Pitowa:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka gode wa Allah da ka haska kafin ka taɓa kunamar bindiga. Harsashin bindigar toka ba ya yi wa fatar dorina komai sai dai ya fusata ta, ga ta da ɗa kuma, kuma kar girman jikinta ya ruɗe ka, a tudu ta fi ka gudu nesa ba kusa ba. Harbin sama ma ban ba ka shawara ba in kana ƙasa, don in ta firgita ruwa za ta nufa a miƙe, duk abin da ke tsakaninta da ruwa ta bi ta kansa.

Gobe da safe ka bi sawunta. Dorina hanya ɗaya take bi kullum, za ka ga turbar ta yi santsi, ga kashinta da take watsawa da wutsiya a jikin ciyawa gefe da gefe. In rumfarka na kan wannan turbar ko kusa da ita ka ɗauke ta yau yau. Sannan ku tara maƙwabta ku haƙa rami mai zurfi da faɗi ta gefen ruwa, ƙasar ku tara ta ɓangaren gona, ƙafafunta gajeru ne ba ta tsallake. Aiki ne mai wuya amma shi ne yake yi. Wuta kuma a hura tun magariba a bakin gona, ba sai ta riga ta shigo ba.

Hajiyar Marwa:
Subhanallahi, Allah ya ƙara tsarewa ƙanena. Mu nan giwa ce matsalar. Suna fitowa daga gandun dajin Waza su gangara wajen Mindif da Kaele, mijin yayata yana gadin dawa saboda birai da tsuntsayen jan baki sai ga garke a kansa, bai ma ji tafiyarsu ba sai ƙarar karyewar kara. Su yanzu barkono suke kwaɓawa da kashin shanu su busar su ƙona ta inda iska za ta kai musu hayaƙin, ga bugun garwa da ihu duk dare. Yana taimakawa amma ba kullum ba gaskiya.

Malam na Garwa:
Ɗan uwa bari in ƙara da ɓangaren doka don mutane da yawa sun shiga uku a nan. A dokar daji ta Kamaru ta 1994 an kasa namun daji aji uku, A da B da C, na ajin A ba a taɓa su sam, kamar zaki da raƙumin dawa. A lokacin, dokar ta yarda mutum ya kare ransa ko dabbobinsa ko amfanin gonarsa in abin ya zo gaba da gaba, amma sai ya kai hujja wajen ma'aikatan gandun daji cikin awa 72. Kuma tun abin da ya faru a gandun dajin Buba Njida a 2012, da mahara suka shigo a kan dawakai suka kashe giwaye ɗaruruwa, ba a wasa da maganar bindiga a daji, in aka same ka da dare da wadda ba ta da takarda sai ka yi bayani wajen jandarma. Ni dai ka ɗauki hoton ɓarnar da sawun da wayarka, ka je wajen jauronku, wato mai garinku, ku tafi tare ofishin ma'aikatan daji ku rubuta ƙorafi, in ku da yawa ne masu gona a wajen ya fi nauyi. Su ke da hurumin zuwa su kore ta.

Manomin_Lagdo:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma. Na duba da safen nan, turbar tana wucewa ta gindin rumfar tawa kai tsaye, mun riga mun tumɓuke ta mun mayar can tudu. Malam na ɗauki hotuna, jauro ya ce mu haɗu bayan sallar Juma'a da sauran masu gonakin bakin ruwa. Baba, ramin nan zurfinsa ya kai ina, gwiwa ko ƙugu?

Baba Maharbi, Pitowa:
Ya wuce ƙugu, ka kai shi ƙirji in ƙasar ta yarda, kuma bangonsa a tsaye kar ku yi masa gangare. Ku sanar da makiyaya inda yake saboda shanunsu.