Wace kalma za mu ba gajiyar wanda bai runtsa ba?

Jama'a, kalma nake nema, kuma da gaske nake yi ko da abin zai yi kama da wasa.

Yau kwana tara ke nan jaririyarmu ta mayar da dare rana. Shekaranjiya da safe na durƙusa ina haska ƙarƙashin kujera da fitilar waya, wai wayar nake nema. Uwarta ta ce, "Maigida, me ya ɓata?" Na ce wayata. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta wuce abinta ba ta ce uffan ba. Da na isa wurin aiki aka ce lafiya na ga idonka ya yi ja, na ce gajiya ce. Ina rufe baki na ji kalmar ba ta zauna ba. Gajiya ta wanda ya sha aiki ce, ya ɗauki kaya ko ya yi tafiya ya gaji liƙis, in ya samu inuwa ya miƙe ƙafa, bayan awa ɗaya ya dawo daidai. Ni ko tsinke ban ɗaga ba. Na zauna, na kishingiɗa, abin yana nan daram: ido kamar an watsa masa yashi, kai kamar an cusa auduga, layi ɗaya sai na karanta sau uku, ga saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Turawa suna cewa sleep deprivation, masu fassara su ce "rashin isasshen barci". Ba su yi kuskure ba, amma wannan sunan sanadi ne, kuma maganar takardar asibiti ce. Ni abin da nake so shi ne kalmar da zan jefa wa abokina da ƙarfe goma na safe, ya yi dariya ya gane halin da nake ciki.

Kafin wani ya ce ai Hausa ba ta rasa ba, na riga na zazzage jakar. Akwai gyangyaɗi da angaje, amma su aikin kai ne, yana sauka yana tashi. Akwai kasala, ita kuma tana kama har wanda ya yi barci ya ƙoshi. Kwanan zaune sunan daren ne, ni kuwa washegarin nake nufi. Magagi ya fi kowa matsowa kusa, sai dai na wanda bai daɗe da farkawa ba ne, yawanci cikin minti 15 zuwa 30 ya wartsake. Masu binciken barci suna da dogon suna na Turanci ga wannan ɗan lokacin, mu kuwa tuni muna da magagi, ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Giɓin yana wajen abin da ke bin mutum yini guda cur.

Na dawo, na ga amsoshinku. Wasu sun ba ni dariya har na kusa tada yarinyar.

Wani direban babbar mota ya ce, "Malam, ai mayen barci ne, kada ka wahalar da kanka." Maganarsa tana da ƙarfi fiye da yadda shi ma zai zata. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada saurin hannu da ido na wasu mutane a lokacin da aka hana su barci da kuma lokacin da aka ba su giya. Wanda ya yi awa 17 ido biyu, aikinsa ya lalace daidai da na mai kashi 0.05 cikin ɗari na giya a jini. Da aka kai awa 24, ya yi daidai da 0.10, abin da ya haura iyakar tuƙi a yawancin ƙasashe. To maye dai maye ne. Amma ina da ja a wuri biyu. Na farko, ba zan iya duban shugabana a ofis in ce masa yau cikin maye nake ba. Na biyu ya fi muni: a rubuce ba ma nuna karin sauti, don haka "mayen barci" zai karantu kamar mayen ƙwallo ko mayen kallo, wato wanda barci ya zame masa jaraba. Kun ga an juya zancen, mai rashi ya koma mai yawa.

Da yawa kun ce bashin barci. Wannan kam ya zauna, kuma ba aro ba ne, domin tun da can muna cewa ramuwar barci, ba a kuwa rama abin da ba a ci ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai bashin shi ne abin da ke rubuce a littafi. Abin da nake ji a jikina shi ne zuwan mai kuɗin. Saboda haka ga tawa: biyo-bashi.

"Yaya na gan ka wani iri?" "Bari kawai, biyo-bashi ne."

Ginin kalmar ba baƙo ba ne. Hausa tana son ta kama ɗan guntun zance ta mayar da shi suna: faɗa-wuta ga ƙwaron da ke rububin fitila, ka-ce-na-ce ga gardama, bar-ni-da-mugu ga ƙurajen fuskar samari. Kuma hoton ya dace da abin da ke faruwa a cikin kai. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, awa bayan awa, kamar mai shago yana ƙara layi a littafin bashi. Yawansa ne ke sa nauyin ido. Barci ne ke share shi. In ka yi awa huɗu maimakon bakwai zuwa tara da ake so babba ya samu, ka tashi da ragowar jiya, na yau kuma ya hau kai. Gahawa ba ta biyan ko sisi. Sinadarin kafeyin da ke cikinta zuwa yake ya zauna a gurbin da adenosin ke sauka, ya tare ƙofa, kamar ka sa yaro ya ce ba ka nan. Mai bashi ba ya tafiya, yana zaune a waje yana ƙirga. Wajen awa biyar rabin kafeyin ɗin ya fita daga jini, ƙofa ta fara sakewa, shi ya sa la'asar ɗin wanda ya yi kwanan zaune ta fi safiyarsa wuya.

Wani dattijo ya ja ni a kan wannan, kuma na ji daɗin jan. Ya ce, "Ɗana, bashi ana biyansa ne daidai da abin da aka ci. Wa ka taɓa gani ya rasa barcin kwana uku ya kwanta kwana uku?" Gaskiyarka, Baba. A farkon 1964 wani ɗalibi ɗan shekara 17 a San Diego ta Amurka, Randy Gardner, ya kammala awa 264 bai yi barci ba, kwana 11 ke nan, kuma William Dement na jami'ar Stanford yana cikin waɗanda suka sa masa ido. In da awa da awa ake biya, ana bin sa wajen awa 88. Da ya kwanta, ƙasa da awa 15 ya yi ya farka. Abin da jiki ke yi shi ne ya fara karɓar barci mai nauyi, ya zurfafa maimakon ya tsawaita. Ni a wurina wannan bai rushe kalmar ba, Baba. Mai bashin ne yake da rangwame, yana karɓar manyan takardu ya yafe canji. Amma fa sai ya zo.

Nan ne ma kalmar ta haifi 'yar'uwarta ba tare da na nema ba: taurin bashi. A 2003 Hans Van Dongen da abokan aikinsa a jami'ar Pennsylvania sun taƙaita wa wasu mutane barci zuwa awa shida kullum har kwana 14. A ƙarshe, natsuwarsu da saurin amsawarsu sun faɗi zuwa kusan na wanda ya yi dare ɗaya ko biyu bai runtsa ba sam. Abin da ya fi ɗaure kai, da ana tambayarsu sai su ce ɗan barci-barci kawai suke ji. Duk mun san irin wannan mutumin, mai bugun ƙirji yana cewa shi awa biyar ta ishe shi, ya saba. Bai saba ba, ya daina jin sallamar mai bashi ne. Daga yau sunansa mai taurin bashin barci. Na yi shekaru ina cikinsu tun kafin yarinyar nan ta zo, don haka ba gori nake yi ba.

Sauran da kuka kawo, bari in bi ta kansu.

Wata malamar jinya mai aikin dare ta ce, "Yayana, wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na daƙiƙa biyu-uku, ido a buɗe amma ba ka nan." Shi ne Turawa ke kira microsleep. Muna cewa barci ɓarawo ne, amma wannan ba mai fasa gida ba ne, ɗan sane ne: ya zare maka daƙiƙa huɗu daga aljihu, ba ka sani ba sai ka ga an wuce wurin da kake saurare. Sanen barci, ko ɗan-sane a taƙaice. Kalmar tana da ban dariya, abin ba shi da ita. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, daƙiƙa huɗu sun fi tsawon filin ƙwallo ba kowa a sitiyari. Na karɓi wannan hannu biyu, 'yar'uwa.

Hammayya. Wanda ya kawo wannan ya ci gasar yau, ba gardama. Ɗafin nan na "ayya" yakan nuna abin da ake yi wa juna, kamar soyayya da jayayya da bugayya, hamma kuwa kowa ya san tana yaɗuwa, ɗaya ya buɗe baki sai ka ga layi ya ɗauka. Ga ta kuma harafi ɗaya ya raba ta da hamayya. Duk taron da aka yi da ƙarfe biyu na rana akwai ɓangaren masu jawabi da ɓangaren 'yan hammayya, kuma su ne masu rinjaye.

Akwai wata ɗabi'a da sunanta ya fito daga Sin ya bazu a intanet a 2020: mutumin da aiki ya cinye masa yini, sai ya ƙi kwanciya da dare, ya riƙe waya har ƙarfe biyu don ya rama lokacinsa. Wani ya ce ramuwar dare, amma za ta rikice da ramuwar barci, alhali kishiyoyi ne. Na fi son kwanan gayya, ƙanin kwanan zaune. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, sai dai a nan wanda ya rama shi ne ke kwana da zafin, musamman in wayar ta suɓuce ta faɗo masa a karan hanci.

Jet lag kuma, wato rikicewar barcin wanda jirgin sama ya kai ƙasar da lokacinta ya bambanta da na gida, magagin jirgi ne, ba sai an tsaya dogon zance ba. Wani mai bincike, Till Roenneberg na Munich a Jamus, da abokansa sun fito da wani suna a 2006 ga wanda ke kwanciya a makare ranakun hutu ya tashi da rana tsaka, sannan farkon mako ya zo agogon jikinsa yana wani gari ba tare da ya hau jirgi ba. Wani ya ce magagin Litinin. Na sa hannu.

Gajiyanci da barcintaka ban karɓa ba. Na farko ya yi kama da yaren wata ƙabila, na biyu kuma kamar sarauta. Gyangyaɗau, a kan ƙirar mantau da makarau, ya yi kyau amma sunan mutum ne, ku ajiye wa wanda ya cancanta a ofishinku.

Ɗaya ce ta rage ban samu ba. Wani lokaci biyo-bashi yakan kai maƙura, ka samu sarari ka kwanta, sai ido ya ƙeƙashe, jiki na roƙo kai na lissafi. Mai bashi ya yini yana sallama, ka fito da kuɗin ka tarar ya tafi. Wani ya ce gagara-kwana, wata ta ce ido-ƙi-rufe, ban ji ko ɗaya ta kama ni ba tukuna. Yanzu haka yarinyar ta yi barci, uwarta ta yi barci, ƙarfe uku saura na dare, ni ne kaɗai ido biyu a gidan ina rubuta muku wannan. Wanda duk yake farke ya kawo tasa.