Kitsen jinin Baba ya hau, an haɗa mu da mutum huɗu a asibiti, dole ne?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Babanmu shekaratai 61, yana da hawan jini tun tuni, satin da ya wuce anka yi mai gwaji anka ce kolestarol ɗinai, wato kitsen jini, 6.8, wai bai kamata ya wuce 5 ba. Likita ya rubuta atorvastatin, maganin rage kitsen jini, sai kuma ya ce mu ga famasist, mu ga mai tsara abinci, kuma nas za ta riƙa auna mai jini duk wata. Tsoho dai ya ce wanga yawo ne da ɓarnar kuɗin keke tunda ba ya jin ciwon komi, ni ma gaskiya na fara ganin haka. Likita guda bai isa ba?

Abu Khadija:
Wa alaikumus salam, Allah shi ba Baba lafiya. Ni harkar magani nika yi. Rashin jin ciwon shi ne matsalar ai, kitsen nan musamman wanda aka ce ma LDL a hankali yaka taruwa jikin jijiyoyin jini ba zazzaɓi ba ciwon kai, mutum na harkokinai sai ranar da hanya ta toshe a ce bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ga shi kuma ya haɗu da hawan jini. Likita ga layi ya kai baranda, ina ya ga lokacin tambayar duk abin da Baba ka sha? Wannan aikinmu ne. Ku tattaro komi cikin leda har jiƙo da garin gargajiya ku kawo, don akwai maganin da ba ya shiri da statin, wato irin maganin da anka rubuta mai, misali clarithromycin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. In ya ji tsamin jiki ko ciwon tsoka ya faɗa, kar ya aje magani da kainai. Bayan sati 4 zuwa 12 ana sake gwaji a ga ko ya sauka.

Maman Ilham:
Ƙanena ka mance mutum na biyar, mai riƙe da ludayi. Maigidana shi kaɗai ya je wurin mai tsara abinci, ya dawo na tambaye shi, wai "an ce a rage" shi ke nan, ni ko na ci gaba da zuba man shanu a tuwo kamar kullum. Sai da na bi shi na ji da kunnena. Ba a hana nama ba, kitsen ne a cire, a rage kayan ciki da manja da suya, a ƙara wake, zogale, kuɓewa, kifi. Gishiri kar ya kai karamin cokalin shayi cikakke a yini, kuma dunƙule ma gishiri ne, nan ne na sha mamaki. Tafiya minti 30 kwana biyar a sati, da zafin garin nan sai dai bayan asuba. Ka tafi da Inna.

Na Kanwuri:
Hhhh ku tsara na gida, wa zai tsare shi wurin mai balangu bayan isha'i?

Ɗan Mabera:
Na Kanwuri kamar ka san shi wallahi. Na gode ƙwarai. Hajiya ranar Alhamis da Inna za mu in sha Allah. Malam Abu Khadija akwai wani jiƙo da yaka sha da safe cikin gora, ba takarda jikinta, in zo da gorar haka nan?

Abu Khadija:
Zo da ita, kuma ka tambayo mai haɗa mai abin da ya sa ciki.