Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: shin Michael Corleone hujja ne?

Ɗan Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum. Na kawo muku wannan magana ne domin ta hana ni sakat tun ranar Juma'a. Wani yaro mai sana'ar walda ya aiko neman auren 'yar baffana, yaron da unguwa ta shaide shi da salla da riƙon amana, sai dai mahaifinsa, Allah ya gafarta masa, ya yi ƙaurin suna a harkar daba a zamaninsa. Da muka zauna a zaure domin a yanke shawara, Baffa ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sannan ya kawo misali da fim ɗin The Godfather, wanda ya kalla tun zamanin kaset. Ya ce Michael Corleone ya fi duk 'ya'yan gidansu natsuwa da ilimi, amma da lokaci ya yi sai ya zarce ubansa zubar da jini. Na ce masa ban yarda ba, murya ta ɗan tashi, kuma har yanzu ina jin nauyin abin da ya faru. Ina roƙon waɗanda suka san fim ɗin, suka kuma san maganar, su gaya mini ko karin maganar ya hau kan Michael.

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyar Baffa, amma ina ganin misalin nasa ya fi taimakon ɓangarenka. Fim ɗin ya fito a 1972, Francis Ford Coppola ne ya ba da umarni, an kuma ɗauko shi daga littafin Mario Puzo na 1969. Labarin ya fara a 1945, ranar bikin Connie, 'yar Vito Corleone, mahaifin Michael kuma shugaban ɗaya daga cikin manyan gidajen 'yan daba na New York, kuma a wurin bikin muka fara ganin Michael cikin kakin soja, ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, yana zaune can gefe da budurwarsa Kay, yana nuna mata cewa harkar gidansu ba tasa ba ce. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne uban da kansa bai so ya shiga ba. Akwai wurin da Vito, wanda Marlon Brando ya fito a matsayinsa, yake zaune da Michael a lambu bayan tsufa ya kama shi, yana gaya masa cewa burinsa a kansa shi ne ya zama sanata ko gwamna. To wace barewa ce take gudu tana roƙon ɗanta ya yi rarrafe? Abin da ya jefa Michael ciki shi ne harsashi biyar da mutanen Sollozzo, wani dillalin ƙwaya, suka zuba wa ubansa a bakin titi yana sayen lemo, saboda ya ƙi shiga cinikin ƙwaya.

Bazazzagi:
Malam, da girmamawa, ka tsallake wurin da Baffan nasa zai riƙe. Ka tuna daren asibiti, lokacin da Michael ya tarar an janye duk masu gadin ubansa. Ya tsaya a bakin ƙofa tare da Enzo mai gasa burodi, suka ɗaga kwalar riga, suka cusa hannu a ciki kamar masu bindiga, har motar makasan ta tsaya, ta yi jim, ta wuce. Bayan nan Enzo ya ciro taba, hannunsa yana karkarwa har ya kasa kunna laita. Michael ya karɓa ya kunna masa, sannan ya tsaya yana kallon nasa hannun, ya ga ko motsi ba ya yi. A nawa ganin a wannan daƙiƙar ne ya gane ko ɗan wane ne shi. Babu wanda ya koya masa wannan a ranar, a jikinsa yake, kuma shi ne abin da Bahaushe yake nufi da gado.

Malamin Firamare:
Mutumin da ya yi yaƙi har aka ba shi lambar yabo, ai ba abin mamaki ba ne hannunsa ya tsaya cak a gaban mota ɗaya. Wannan horon soja ne, kuma ubansa bai so ya shiga sojan ba tun farko.

Jikar Maharbi:
Sallama gare ku. Ku yi mini haƙuri zan ɗan tsawaita, domin wannan magana a bakin kakata na fara jin ta, kuma ita ta ga barewar da idonta. Kakanmu maharbi ne a wani ƙauye arewa da Gumel, a zamanin da dajin wurin yake da nama. Wata rana da bazara ya harbi barewa, da ya isa wurin sai ya tarar da ɗanta kwance cikin ciyawa, cibiyarsa ko bushewa ba ta yi ba. Ya saɓo shi a wuya ya kawo wa kakata, wadda a lokacin amarya ce ba ta haihu ba. Ta ce da tsumma take tsoma nonon akuya tana matsa masa a baki, har ya koyi kama nonon wata jar akuya da ɗanta ya mutu. Ya tashi cikin garke, yana cin dusa da harawa a akurki ɗaya da awaki, an ɗaura masa jan zare a wuya domin kada wani maharbin ya yi kuskure. Ta ce har ya kusa shekara ba ta taɓa ganin ya yi gudun da ya wuce na 'yan awaki ba, kuma idan ta tafi rijiya yakan bi ta a baya kamar ɗan mutum.

Ranar da abin ya faru, wasu baƙi ne suka sauka a ƙofar gida da karnukan farauta. Kare ɗaya ya tsinke ya faɗo cikin gida, awaki suka cure wuri ɗaya suna kuka, shi kuwa tsalle ɗaya ya yi ya haye dangar kara wadda ta fi kafaɗar mutum, kuma ba a sake ganinsa ba, sai ƙura. Kakana ya tsaya yana dariya, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kakata ta ce ita kuka ta yi, ta kuma ce masa shekara guda yana gidan nan bai gudu ba sai da aka shigo masa da kare. Har ta rasu, duk lokacin da wani ya jefi yaro da wannan magana a gabanta, sai ta tambaya wa ya saki karen.

Na kalli fim ɗin nan sau biyu tare da maigidana, kuma wurin da ɗan sandan nan McCluskey ya naushi Michael har ya karya masa muƙamuƙi, ni karen nan na tuna. Ban ce babu gudu a ƙafarsa ba, domin kakata ma ba ta musa wannan ba. Amma yaron da ake magana a kansa yana walda, yana cin guminsa, babu wanda ya shigo masa da kare. Ina tsoron kada hana shi auren saboda laifin wanda yake kabari ya zama shi ne karen.

Bazazzagi:
Hajiya, Allah ya jiƙan Kaka, labarinta ya taɓa ni ƙwarai. Amma ki dubi abin da labarin ya tabbatar: awakin nan duk sun ga karen, babu wadda ta haye danga sai shi. Uban yarinya ba shi da ikon tsare kowane kare a duniya, shi ya sa yake tambayar asali tun kafin a shafa fatiha.

Jikar Maharbi:
Gaskiya ne, ɗan'uwa. Sai dai ka tuna abin da ɗan barewar ya yi da gudun nasa shi ne tsira da ransa, bai cuci kowa ba. Ba kowane abin da ɗa ya ɗauko daga ubansa ne sharri ba. Wanda ubansa ya yi daba yana iya gadar rashin tsoro, ya kai shi inda uban bai kai nasa ba.

Mai Shagon Kaset:
Ni shekara da shekaru na yi ina ba da hayar wannan fim, kuma abin da nake so a duba shi ne Vito 'ya'ya maza uku ya haifa. Sonny, wanda James Caan ya fito a matsayinsa, ya gaji zafin amma bai gaji haƙurin ba. Shi ne ya yi subul da baka a zaman da aka yi da Sollozzo, ya nuna yana kwaɗayin cinikin da ubansa ya ƙi, kuma wannan ne ya nuna wa abokan gaba cewa bango ya tsage. Daga baya zuciya ta fitar da shi daga gida babu masu tsaro domin ya je ya rama wa Connie dukan da mijinta Carlo ya yi mata, aka ritsa shi a shingen karɓar kuɗin hanya aka yi masa ruwan harsashi. Fredo kuwa yana tare da uban ranar da aka harbe shi, bindiga ta suɓuce masa, ya zauna a bakin titi yana kuka. Shi ma ɗan barewa ne, uwa ɗaya uba ɗaya da Michael, kuma ga shi yana rarrafe a gaban kowa. Bahaushen da ya yi maganar barewa shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, domin ya ga iri biyun duka. John Cazale da ya fito a Fredo ya rasu a 1978 bayan fim biyar kacal, kuma dukkansu sun shiga takarar kyautar Oscar ta fim mafi kyau. Ni a duk jaruman fim ɗin shi ne yake ba ni tausayi, musamman a kashi na biyu na 1974, inda Michael ya jira sai da mahaifiyarsu ta rasu sannan ya sa aka harbe Fredo a cikin kwalekwale. Vito ba zai taɓa yin wannan ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma a nan Michael ba ubansa ya gada ba.

Malamin Firamare:
A ƙara da Tom Hagen, wanda Robert Duvall ya fito a matsayinsa. Ba jinin gidan ba ne, ba ma ɗan asalin Sisili ba ne, Sonny ne ya tsinto shi a titi suna yara, Vito ya riƙe shi har ya zama lauya kuma mashawarcin gidan. A sanyin magana da auna abu kafin a yi, ya fi Sonny da Fredo kama da Vito. An ce tsintacciyar mage ba ta mage, amma ga wanda aka tsinta ya ɗauki halin mai riƙonsa fiye da 'ya'yan cikinsa biyu.

Talakan Gari:
Ni abin da yake ƙona mini rai daban ne. Wannan magana ana jifan ɗan talaka da ita a hana shi aure, amma idan ɗan wani babba ya fito neman kujerar da ubansa ya bari babu ruwa babu asibiti, da ita maroƙa suke yi masa kirari a filin taro. Akwai wanda muka sani, uban ya yi shekaru yana raba wa yaran mutane ƙwaya da makami lokacin zaɓe alhali nasa 'ya'yan suna karatu a waje, yau ga hoton ɗan a kowane bango. Vito ma alƙalai da 'yan siyasa yake riƙe da su a aljihu, shi ya sa sauran gidajen suke ƙyashinsa. Su wa suka mayar da mahaifin yaron nan ɗan daba tun farko?

Ba'adare:
Allah ya ba ka haƙuri, ɗan'uwa, ƙorafinka yana kan hanya. Mu a nan wajen Tawa yadda na tashi na ji ana yin maganar, yabo ce. Idan ɗan makaɗi ya ɗauki kalangu, ko ɗan malami ya haddace tun yana ƙarami, ko ɗan ɗan kokawa ya kayar da wanda ya girme shi, nan ake faɗarta, domin gudu a wurin barewa abin ado ne. Ban saba jin an yi ta a kan mugun hali ba sai a 'yan shekarun nan. Idan za a nemo wa fim ɗin karin magana, ni wanda na ga ya dace shi ne kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Da shi aka buɗe fim ɗin, lokacin da Bonasera mai shirya gawa ya zo neman a rama wa 'yarsa, Vito ya karɓi kukansa bisa sharaɗin wata rana za a nemi wani abu a wurinsa. Ranar ta zo, aka kawo masa gawar Sonny ya gyara domin kada uwa ta gan shi a haka.

Mai Shagon Kaset:
Wani abu da ya shafi gado kuma, jaririn da aka yi wa baftisma a ƙarshen fim ɗin, lokacin da mutanen Michael suke kashe shugabannin sauran gidajen, 'yar daraktan ce, Sofia Coppola, wadda ta girma ta zama darakta har ta ci Oscar a rubutun fim. Talia Shire da ta fito a Connie kuwa ƙanwar daraktan ce. A nan maganar ta hau yadda Ba'adare ya ce. Shi kuma Al Pacino, kamfanin Paramount bai so a ba shi matsayin Michael ba domin ba a san shi ba sosai a lokacin, sai da Coppola ya kafe a kansa.

Ɗan Ƙofar Mata:
Na gode muku baki ɗaya. Jiya bayan magariba na je na durƙusa na ba Baffa haƙuri a kan ɗaga murya, sannan na karanta masa labarin kakar Hajiya daga wayata. Ya yi shiru mai tsawo, ya ce Fredo bai manta da shi ba, amma shi 'yarsa yake bayarwa, kuma Kay ce ya kasa mantawa, yadda aka rufe mata ƙofa a fuska bayan mijinta ya dube ta ya ce ba shi da hannu a kisan Carlo. Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Ya ce ranar Asabar zai je garejin da kansa ya gana da maigidan yaron, kuma ya ce in raka shi.