Shawarwarin da aka ba ɗalibar zane kafin ta kai aikinta maɗaba'a

Ta baje ƙasidarta mai ninki uku a kan tebur, 'yan ajinsu suka kewaye ta. Ga abin da na tsinta.

Maganar launi ta fi cin lokaci. Ta yi aikin da tsarin RGB na fuskar kwamfuta, alhali injin ɗab'i da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK. Shi ya sa shuɗin ya fito a koɗe a takardar gwaji, kamar atamfar da ta sha wanki. Aka ce ta sauya tsarin tun yanzu, ta gyara launukan da kanta.

Hoton bango kuma ya tsaya daidai layin yanka, wuƙa kuwa takan goce, sai farin layi ya bayyana a gefe. A bar hoton ya wuce layin da rarar milimita 3. Hotuna su kai ɗigo 300 a kowane inci. Wanda ta ɗauko daga WhatsApp ya farfashe.

Batun haruffa ne ya fi damuna. Salon rubutun da ta zaɓa ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon, suka tsaya a kanun sun fi sauran kauri. Wata ta ce ta koma Noto Sans ko Andika, na kuwa goyi bayanta.

An yaba mata yadda ta bar fili tsakanin sakin layi. Wani ya ƙara da cewa ɓangaren ƙasidar da ke shigewa ciki idan an ninke a rage masa milimita 2, don ninkin ya kwanta.