An ce za a ɗura wa Hajiyarmu siminti a ƙashin baya

Autan Hajiya:
Assalamu alaikum. Hajiyarmu shekararta 71. Sati uku ke nan ta sunkuya za ta ɗauki bokitin ruwa, ta ji bayanta ya ce ƙas. Tun daga ranar a zaune take sallah, ko juyi a gado sai da hawaye. Hoto ya nuna ƙashi guda ya lotsa a gadon bayanta, wai ƙasusuwan ne suka zaizaye da tsufa. Likita ya ce a zura allura a ɗura siminti a wurin, Yaya kuma ya ce sai mai ɗori. Don Allah wanda ya sani ya taimaka, ganinta a haka na hana ni barci.

Anti Nas:
Wa'alaikumussalam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ƙanena, a bar maganar mai ɗori, laka ce kwance a bayan ƙashin nan, dannawa na iya shanye ƙafafu. Simintin ba na gini ba ne, na ƙashi ne, irin wanda ake kafa ƙugun roba da shi. A Faransa aka fara aikin a 1984. Ba a yanka, rub da ciki take kwanciya, a kashe wurin, a bi allurar da na'urar hoto. Wani lokaci sai an fara hura ɗan balan-balan a cikin ƙashin ya ɗago. Haɗarinsa shi ne simintin ya tsiyaya waje.

Amma ba kowa ke buƙata ba. Da yawa suna warkewa cikin wata biyu zuwa uku da maganin zafi da bel ɗin baya. Binciken da aka yi a 2009 bai ga simintin ya fi allurar bogi da ake yi don gwaji ba, na Ostireliya a 2016 kuma ya ga amfaninsa ga sabuwar karaya mai tsananin ciwo, ƙasa da sati shida. Ku yi hoton MRI, a tabbatar ba tibin ƙashi ko ciwon daji ba ne.

Maman Biyu:
An yi wa Innarmu. Washegari da ƙafarta ta je banɗaki. Sai muka yi sakaci da maganin ƙarfafa ƙashi, bayan shekara ƙashin da ke saman wanda aka ɗura wa simintin ya lotsa. Har yau abin na cina. Ku riƙe kalsiyam da bitamin D da ƙwayar ƙarfafa ƙashin nan da ake sha sati-sati.

Autan Hajiya:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Yaya, ya yarda. Litinin za mu je hoton.